An Canza Giyabos, Maleji Ya Kwanta: Yadda Ake Daidaita Saƙon Gudun Mota

Wata Asabar ana tsakiyar damina, wani Alhaji mai sana'ar albasa a kasuwar Mile 12 ya shigo garejinmu a Agege da tsohuwar Toyota ɗinsa, rai a ɓace. Sati biyu ke nan da aka sauke masa giyabos ɗin da ya gaji, aka ɗora na tokunbo da ya sayo a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas. Giya na shiga lafiya ƙalau, ba ƙara ba yoyo. Amma allurar maleji ta kwanta a sifili kamar an ɗaure ta, lambobin kilomita sun tsaya cak, wutar cek ta kama, kuma da ya ɗaga ƙafa daga totur zai tsaya a cunkoson Ketu, sai injin ya mutu.

"Malam, sun ce sensa ce. Na sayi biyu, duk a banza."

"Alhaji, ina tsohon giyabos ɗin yake?"

"Ai tun ranar 'yan gwangwan suka ɗauke shi."

Shiru na yi, don babu amfanin ƙara masa zafi. Amma a jikin wancan ƙarfen da aka ɗora a sikeli akwai wata ƙaramar sensa da giyarta ta roba, waɗanda wataƙila da sun gama aikin cikin rabin awa. To, matakin farko ke nan, kuma yana zuwa ne tun kafin a kira mai wayarin: duk wanda zai canza giyabos, kada ya bar tsohon ya fita daga gareji sai an zare sensar gudu, da giyar da ke bakinta, da soket ɗinta har da ɗan tsawon waya. A ɗauki hoton lambar da ke jikin giyabos biyun da wayar hannu. Komai lalacewar tsohon, shi kaɗai ne ya san yaren da motar ke ji.

Abin da sensar nan ke faɗa wa mota

Sensar gudu ba ta san kilomita ba. Bugu kawai take aikawa ta waya, kamar mai kiɗan ƙwarya: taya na juyawa a hankali, bugu na zuwa jefi-jefi, gudu ya ƙaru, bugu ya yi sauri. Maleji da biren-bos, wato kwamfutar mota, su ne ke ƙirga bugu nawa ya zo a daƙiƙa ɗaya su mayar da shi gudu. Yawan bugu a daƙiƙa shi ake rubutawa Hz a jikin mita.

Idan aka kawo giyabos na wata shekara ko na wani samfurin, abu uku ne ke iya saɓawa: irin saƙon, ƙarfin wutarsa, da yawan bugunsa a kowace kilomita. Duk aikin nan bai wuce gano waɗannan ukun a ɓangaren giyabos, a gano su a ɓangaren mota, sannan a sulhunta su ba. Wanda ya fara yanka waya bai auna su ba, caca yake yi da kayan mutane.

Kuma ba allura kaɗai ke jiran saƙon ba. Biren-bos na amfani da shi wajen riƙe silo idan mota na gangarawa za ta tsaya, shi ya sa injin Alhaji ke mutuwa. Giyabos mai canza kansa da shi yake sanin lokacin sauya giya. Sitiyari mai lantarki da shi yake sanin yaushe zai yi laushi, yaushe zai yi nauyi. Motocin haya masu na'urar ƙayyade gudu, wadda hukumar FRSC ta fara tilastawa gadan-gadan a 2017, su ma da yawansu daga wannan wayar suke sha.

Sa sikana, sannan ka bi waya

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai auna Hz, sikana, wato na'urar karanta kwamfutar mota, ko da ƙaramar ELM327 ce da ake haɗawa da wayar hannu, fitilar gwaji ta LED, allurai na tsira bayan soket, alli, jak da ƙarafan tokare, da manhajar GPS mai nuna gudu. A kula, na ce LED. Fitilar gwaji mai ƙwan wuta na jan wuta da yawa, tana iya ƙona ƙafar sensa ko ta maleji nan take.

Cusa sikana ka karanta lambobin matsala. P0500 na nufin biren-bos ba ya samun saƙon gudu yadda ya kamata. P0720 na sensar mafitar giyabos ce, P0715 kuma ta mashigarsa. Waɗannan biyun a mota mai canza giya da kanta ake ganin su. Daga nan ka buɗe inda sikana ke nuna gudun mota kai tsaye, a ɗan zaga da ita. Idan sikana na ganin gudu amma allura a kwance, matsalar tana tsakanin biren-bos da dashbod. Idan duka biyun sifili ne, saƙon bai taso ba tun daga tushe, ko ya taso da yaren da ba a ji.

Sai ka san hanyar da saƙon ke bi a wannan motar, don ba ɗaya ba ce. A tsofaffin Toyota da yawa, waya daga sensa maleji take fara zuwa, maleji ya gyara saƙon ya miƙa wa biren-bos ta ƙafar da ake rubuta wa SPD. A wasu motocin, musamman na Amurka, biren-bos ne ke fara karɓa ya raba wa saura. A sababbin motoci kuwa sau da yawa giyabos ba shi da hannu a maganar maleji sam: sensocin ABS na tsarin burki da ke tayoyi ne ke auna gudu, a aika ta wayoyin CAN, waɗanda kwamfutocin mota ke magana da juna ta kansu. Zan dawo kan wannan. Abin lura a nan shi ne, inda saƙon ke fara sauka, a gabansa za ka yi gyara, don kowa a bayansa ya amfana.

Gane irin sensar da ke jikin sabon giyabos

Ƙirga wayoyinta tukuna.

Mai waya uku yawanci ita ce ake kira Hall, ko 'yar'uwarta mai aiki irin nata. Waya ɗaya wuta ce, 12V ko 5V, ɗaya nagatif, ta ukun saƙo. Saƙonta kunna-kashe ne tsaf: ko sifili ko cikakkiyar wuta, kuma ƙarfinsa ba ya canzawa ko mota na rarrafe ko tana tsala gudu. Buɗe makulli ba tare da tada inji ba, tsira allura ta bayan soket, ɗaga taya ka juya a hankali da hannu. Za ka ga mita na tsalle daga sifili zuwa 5V ko 12V tana dawowa.

Mai waya biyu yawanci maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar waya, yana fuskantar wani faranti mai haƙora a cikin giyabos. Ba a ba ta wuta, ita ke haifar da tata. Saƙonta AC ne mai lilo sama da ƙasa, raunana a ƙaramin gudu, ƙaƙƙarfa idan an taka. Cire soket ka auna juriyarta: za ka samu daga ɗaruruwan om zuwa wajen dubu biyu, gwargwadon samfuri. Juya mita zuwa AC, a kaɗa taya da sauri, za ka ga 'yar wuta ta motsa.

Akwai ta uku da ake samu a tsofaffin motoci masu kebur: ɗan makunni ne cikin gilashi da maganaɗisu ke buɗewa yana rufewa, galibi a bayan malejin kansa. Shi ma waya biyu ne, amma idan ka sa mita a wurin ƙara za ka ji tana "tii" tana ɗaukewa yayin da ake juyawa.

A motar Alhaji, soket ɗin da ke saukowa daga jikin mota mai baki uku ne, sensar sabon giyabos kuwa mai baki biyu. Wani ya riga ya yanke soket ya murɗa waya biyu ya naɗe da baƙin tef, ta ukun ya bar ta tana reto. Maleji na jiran kunna-kashe, ana aika masa lilo. Ko sensa goma Alhaji ya saya, haka allurar za ta ci gaba da barcinta.

Kafin ka bar wurin, yi wani awo da mutane ke mantawa. Sensa a cire, makulli a buɗe, auna wayar saƙo ta ɓangaren mota. Idan ka ga 5V ko kusan 12V a kanta, to maleji ko biren-bos ne ke ɗaga layin da kansa, abin da yake so kawai a riƙa jan layin zuwa nagatif ana saki. Idan ka ga sifili, to jira yake a kawo masa wuta daga waje. Rubuta abin da ka gani, zai yi amfani a wajen haɗi.

Bugu nawa maleji ke so

Motocin Japan na da wata ƙa'ida tun zamanin kebur: kebur ɗin maleji na juyawa sau 637 a kowace kilomita. Da aka koma lantarki, Toyota da wasunsu suka sa sensa ta ba da bugu 4 a kowane juyi. 637 sau 4 ya ba da 2,548 a kilomita. Tsofaffin motocin GM bugu 4,000 suke amfani da shi a mil ɗaya, Ford kuma 8,000 a mil. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, kuma wannan ya sa na kan fara duba fuskar malejin: tokunbo 'yar Amurka manyan lambobinta mil ne, ƙananan ne kilomita. Na taɓa ganin wanda ya rantse malejinsa ya lalace don yana nuna 60 alhali GPS na cewa 97. Lafiyarsa ƙalau, mil yake karantawa.

Lissafin mayar da shi Hz ba wuya: bugu a kilomita, sau gudun mota, a raba da 3,600. Ga mai 2,548, gudun 40 zai ba da 28.3 Hz, gudun 60 ya ba da 42.5, gudun 80 ya ba da 56.6, gudun 100 kuma 70.8. Ni na rubuta waɗannan da maka a bangon shago.

Amma kada ka dogara da ƙa'ida tunda kana iya tambayar malejin da kansa. Akwai ɗan allon lantarki mai arha da ke fitar da bugu gwargwadon Hz ɗin da ka saita, masu sayar da kayan gyaran lantarki na kawo shi. Cire sensa, haɗa nagatif ɗin allon da na mota, ka aika bugun ta wayar saƙo, ta hanyar taransista idan layin mai ɗaga kansa ne. Ƙara Hz a hankali har allura ta zauna daidai kan 60, ka rubuta. Ƙara har 100, ka rubuta. Wannan gwajin na kashe tsuntsu biyu: ka san abin da maleji ke so, ka kuma tabbatar shi kansa da rai kafin ka ɗora wa giyabos laifi.

Bugu nawa giyabos ke bayarwa

Hanya mafi gaskiya ita ce a kan titi. Haɗa mita da wayar sensa, ja wayar zuwa cikin mota, mutum ɗaya na tuƙi, ɗaya na riƙe da mita da GPS. A tsayar da gudu a 60 na wasu daƙiƙoƙi, a rubuta Hz. A Legas wannan sai da dabara, don ranar aiki ba za ka samu mita ɗari biyu a sake ba. Mu safiyar Lahadi muke fita, mu bi hanyar Ibadan mu wuce Berger, a kan doguwar gadar nan akwai sarari.

Idan sensar mai ƙarancin bugu ce, ana iya ƙirgawa a gareji. Yi wa taya alama da alli, yaro na juyawa kana ƙirga ƙiftawar LED. Sai dai ga tarko: idan taya ɗaya ka ɗaga ɗayar na ƙasa, giyar da ke raba juyi tsakanin tayoyin biyu na sa juyi biyu na tayar ya zama ɗaya a wajen giyabos. Don haka juyi 20 za a yi a lissafa shi 10. Tayar 195/65 R15 faɗinta daga sama zuwa ƙasa kusan milimita 634 ne, zagayenta kusan mita 2, wato juyi wajen 502 a kilomita. Mota mai 2,548 za ta ba da bugu 5 da ɗan ɗoriya a kowane juyi, kusan 51 a juyi goma. Ka samu 51, lafiya. Ka samu 46 ko 57, giyar bakin sensa ce ba ta dace ba.

Wannan tarkon yana da haɗari idan aka tada inji. Taya ɗaya a sama, aka sa giya, maleji na nuna 60, to tayar nan gudun 120 take yi. Kada a yi wannan a kan jak kaɗai, kuma kada kowa ya tsaya a saitinta.

Wanda ya san haƙoran farantin da ke ciki zai iya lissafawa a takarda. A ce sensar na kan sandar da ke fita zuwa farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyi ga aksul, farantin na da haƙora 20, aksul kuma na juya taya sau ɗaya a duk juyi 4.1 na farfela. 502 sau 4.1 sau 20 ya ba da 41,164 a kilomita, wato 686 Hz a gudun 60. Takarda na ba ka hasashe, titi ke tabbatarwa. A motar Alhaji mita ta tsaya a wajen 690. Maleji na son 42.5. Ka raba, ka samu 16 da ɗan kai.

Gyara, daga mai arha zuwa mai tsada

Idan ramin sensa a sabon giyabos iri ɗaya ne da na tsohon, zare sabuwar ka zura tsohuwar, magana ta ƙare. Idan allura ta tashi amma tana ƙarya kaɗan, giyar roba da ke bakin sensa za a canza. Ƙa'idarta: maleji na nuna fiye da gaskiya, a ƙara haƙora, yana nuna ƙasa, a rage. Haƙoran da kake da su, sau abin da maleji ya nuna, a raba da abin da GPS ya nuna. Mai haƙora 20 da ke nuna 66 a gudun 60 na gaskiya, mai 22 take buƙata. Je Ladipo da tsohuwar a hannu, ka ƙirga haƙoran da idonka, ka duba karkatarsu ta yi daidai da ta giyar da ke juya ta a ciki. Idan ba su dace ba za ta shiga, ta yi aiki kwana uku, sannan ta cinye. Ni wannan gyaran na fi so a kan duk sauran, don babu abin da ruwa ko zafi zai kashe a cikinsa.

Idan irin saƙon ne ya saɓa, wato lilo ake bayarwa ana son kunna-kashe, sai an sa mai fassara a tsakani. Akwai ƙananan aisi, wato 'yan ƙwayoyin lantarki masu ƙafafu, da aka ƙera musamman don wannan, kamar LM1815 da MAX9924, ana kuma samun su a haɗe a kan allo. Wasu na haɗawa da LM393 don arha. Yana yi, amma idan ba a saita shi da kyau ba za ka ga allura na rawa mota na tsaye, ko ta ƙi tashi sai an kai gudun 20. Wayoyin sensa mai maganaɗisu suna da gaba da baya a wajen irin waɗannan aisi. Idan allura na tsalle-tsalle, juya su kafin ka zargi wani abu.

Idan bugun ya yi yawa kuma rabon ya faɗo kusa da 2, 4, 8, 16 ko 32, aisi CD4040 ya isa. Ƙafa ta 16 wuta, ta 8 nagatif, ta 10 mashigar bugu, ta 11 a ɗaure ta da nagatif, in ba haka ba zai riƙa goge ƙidayarsa yadda ya ga dama. Ƙafa ta 9 na raba biyu, ta 7 huɗu, ta 6 takwas, ta 5 sha shida, ta 3 talatin da biyu. Na Alhaji, bayan mun sa masa LM1815, a ƙafa ta 5 muka ɗauka: 690 a raba 16 ya ba da 43 da ɗan kai, allura za ta nuna wajen 61 a gudun 60. Wannan kuskure ne da za a iya zama da shi, kuma ya karkata ta inda ake so. Gara maleji ya ɗan zarce gaskiya da ya gaza ta.

Ga dalilin da ya sa na dage kan awo. Ɗauki wancan misalin na haƙora 20 da aksul 4.1, amma a sa tayar bas, 195 R15C, mai juyi wajen 459 a kilomita. Bugu ya koma 37,638, a raba 16 ya ba da 2,352. Ya gaza 2,548 da kusan kashi 8 cikin ɗari. Direba na kallon 80, motar na yin kusan 87. Tun 2025 gwamnatin Legas ta sanar da kyamarorin kama masu gudu, ciki har da ta Alapere inda iyaka 80 ce. Saƙon tara zai shigo wayar mai mota, shi kuma ya dawo garejinka da shi a hannu.

To idan rabon bai faɗo daidai ba, ko kuma bugun ƙari yake so ba ragi ba, sai akwatin da ake saitawa. Dakota Digital na yin SGI-100BT, HealTech na yin SpeedoHealer wanda aka fi sani a babura. Daga waje ake yo odarsu, kuɗinsu kuma da dala ne. Lissafin saitinsu ɗaya ne: gudun GPS a raba da gudun maleji, abin da ya fito shi za a ninka saƙon da shi.

Mai ɗan ilmin kwamfuta zai iya yin irinsa da Arduino Nano, ɗan allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni: ya auna tazarar da ke tsakanin bugu da bugu, ya ninka, ya fitar da sabo. Abu uku zan ja kunne a kai. Ƙafar Arduino ba ta ɗaukar fiye da 5V, saƙon 12V sai ya bi ta rizistoci masu rage shi ko ta PC817, aisi mai miƙa saƙo ta haske. Na biyu, a rubuta masa cewa idan bugu ya ɗauke na kamar daƙiƙa ɗaya ya daina fitar da komai, in ba haka ba mota za ta tsaya allura na maƙale a 15. Na ukun ni ya ci: umarnin fitar da bugu mai suna tone da kowa ke fara amfani da shi ba ya sauka ƙasa da 31 Hz a Nano. A mota mai 2,548 wannan gudun 44 ne. Na haɗa, na gwada a babban titi, komai daidai, na karɓi kuɗi. Washegari mai motar ya kira ni daga Oshodi, wai tun safe allurarsa ba ta faɗi gaskiya ba. A cunkoson Legas wa ke kai 44? Sai da na sake rubuta shi da agogon cikin aisin.

Haɗin waya

Ɗauki wuta daga layin da ke zuwa idan an buɗe makulli, ka sa masa fis na 1A. Wutar mota ba tsaftatacciya ba ce, tana kai wajen 14V idan inji na aiki, tana kuma harbawa idan aka tada sitata, don haka allonka ya sha ta hanyar mai daidaita wuta, 7805 da kafasito ko LM2596. Nagatif ɗinsa a ɗaure shi inda na maleji ko na biren-bos yake, ba a kowane noti mai tsatsa da hannu ya kai ba.

Mafita kuwa, koma ga awon da na ce ka rubuta. Idan layin na ɗaga kansa, sa taransista irin 2N2222 ko BC547 ta riƙa jan shi zuwa nagatif, kada ka tura masa wuta. Idan ba ya ɗaga kansa, ƙara rizista tsakanin om dubu ɗaya da dubu goma (1k da 10k) daga layin zuwa wutar da yake so. Kada a ɗaga layin 5V zuwa 12V da sunan ƙara ƙarfi. Kuɗin biren-bos ya fi na aikin gaba ɗaya.

Wayoyin sensa mai waya biyu a murɗa su da juna kamar tufka, in da hali a yi amfani da mai rigar ƙarfe a ɗaure rigar da nagatif ta gefe ɗaya kawai. A nisanta su da wayoyin fulogi, da kwayil, da altaneta. Alamar an yi sake a nan ita ce allura ta motsa idan ka taka totur mota na firi. Kowane haɗi a liƙe shi da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Allon kansa a cikin mota zai zauna, ƙarƙashin dashbod, can sama. Wanda ya taɓa ratsa ruwan Yuli a Legas, ko ya ga yadda masu wankin inji ke feshi, ba zai tambayi dalili ba.

Inda ba a taɓawa

Giyabos mai canza kansa na buƙatar saƙon sensarsa ɗanye, yadda ya fito. Idan ka sa mai rabawa tsakanin sensa da kwamfutar giya, za ta ɗauka mota na rarrafe alhali tana gudu, ta sauya giya a inda bai kamata ba, ko ta maƙale a giya ɗaya. Reshe za ka cira daga layin zuwa allonka, asalin layin ya wuce yadda yake. Kuma idan kwamfutar giyar ba ta wannan giyabos ɗin ba ce, gyaran maleji ba zai sa ta iya shi ba; wannan wani aikin ne daban.

Wayar sensar ABS kuma ba wurin cirar reshe ba ce. Burki ne. A motocin da gudu ke tafiya ta CAN, babu wata waya guda da za ka yanka ka gyara, lambobi ne ke yawo a kan waya biyu. Idan maleji ya kwanta a irin wannan motar bayan canjin giyabos, fara duba ko an fizge wayar ABS ko an bar wani soket a cire wajen aikin. In ba haka ba, magana ta koma ta saita kwamfuta da babbar sikana. Malejin GPS da ake mannawa a dashbod yana nuna wa direba gudu, amma ba ya gaya wa biren-bos komai, kuma yana ɗaukewa a ƙarƙashin gada.

Gwajin ƙarshe

Goge lambobin matsala, ku fita mutum biyu. Gwada a 40, a 60, a 80, kana kwatanta allura da sikana da GPS. Idan kuskuren na girma tare da gudu, kamar 44 a 40 da 88 a 80, rabo ne bai yi ba, koma ka gyara lissafi. Idan ratar ɗaya ce a ko'ina, kamar ƙarin 5 a kowane gudu, allurar ce aka taɓa cirewa aka mayar a karkace. Idan komai daidai ne har 70 sannan allura ta faɗi, allonka ne ba ya iya bin saurin bugun, ko saƙon ya yi masa ƙarfi. Sannan ka gwada rarrafe, tafiyar da ba ta fi ta ƙafa ba, don a nan sensa mai maganaɗisu ke nuna rauninta, kuma a nan motar Legas ke yin rabin rayuwarta.

Lambobin kilomita sun fi allura faɗin gaskiya. Mayar da ƙaramar ƙidaya sifili, ka yi tafiya mai ɗan tsawo ka kwatanta da GPS. Gadar Third Mainland kusan kilomita 11.8 ce, ta isa awo. A rubuta wa mai mota kilomitar da ƙidaya ta tsaya a kai da ranar da ta ci gaba, saboda canjin baƙin mai da kuma ranar da zai sayar.

Da muka dawo daga Berger ran Lahadi, na Alhaji ya nuna 61 a 60, 81 a 80, a tafiyar kilomita 20 kuma ƙidaya ta zarce da mita ɗari uku. Muka tsaya a Ketu injin bai mutu ba. Yarona ya ɗaure allon a bayan akwatin dashbod, na sa shi ya manna farin tef a jiki ya rubuta: sensa waya biyu, LM1815, rabo 16, ƙafa ta 5, taya 195/65 R15.

Alhaji ya leƙo yana kallo. "Wannan rubutun kuma na mene ne, Malam?"

"Na wanda zai buɗe wurin nan bayana ne, Alhaji. Kuma in za ka canza girman taya, ka biyo ta nan tukuna."